Yadda muke koyar da lissafin gangare a cibiyarmu

Cibiyarmu ta darasin yamma ƙarama ce, fiziks da lissafi kawai muke koyarwa ga masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Akwai tambaya ɗaya da ba ma barin ɗalibi ya wuce sai ya warware ta da hannunsa, domin ita ke bambance wanda ya gane da wanda ya haddace.

Ga yadda take. Bulo mai kilo 4 yana kan gangare mai kusurwar digiri 30, an ɗaura masa igiya ta ratsa fuli, wato ƙaramar taya da igiya ke bi ta kanta, a saman gangaren, a ɗaya bakin igiyar kuma nauyin kilo 3 na reto. Ma'aunin gogayya, wato turjiyar da ke tsakanin bulo da gangare, 0.2 ne, jan ƙasa kuma 10 kamar yadda aka saba a takardun WAEC. A nemo ƙaruwar gudu da ƙarfin da ke cikin igiya.

Mukan zaunar da su huɗu-huɗu, babu mai taɓa kalkuleta sai an gama zane, kowace kibiya mai nuna inda ƙarfi ya nufa a mazauninta. Nauyin bulon niyuton 40 ne (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), wato kilo 4 sau 10, amma rabinsa kawai, wato 20, ke janyo shi ƙasan gangare. Abin da ke danne shi a kan katako 40 sau kos na digiri 30 ne, kusan 34.6, gogayya kuma ta zama 0.2 sau 34.6, wato 6.9. A nan ake fara musu, domin da yawa sukan musanya sain da kos, ma'aunai biyu na lissafin kusurwa. Idan an daidaita, niyuton 30 na nauyin da ke reto a cire 20 a cire 6.9, saura 3.1, a raba da jimillar kilo 7, a samu ƙaruwar gudu kusan 0.44. Ƙarfin igiya 28.7 ne. Wanda ya rubuta 30 ya manta cewa nauyin da ke reto yana sauka, ai da igiyar na riƙe da 30 cif da gudunsa bai ƙaru ba.

Sai mu sauya kilo 3 zuwa kilo 2.5, a nan tarkon yake. Mai haddar ƙa'ida zai bi hanyar ɗazu, ya samu amsa ƙasa da sifili, ya ce bulon baya yake zamewa. Ko kusa. Nauyin da ke reto ya fi jan gangare da niyuton 5 kacal, gogayya kuwa tana iya riƙewa har 6.9. Saboda haka babu abin da ke motsi, gogayyar ma 5 take bayarwa, iya abin da ake buƙata, igiya kuma na ɗauke da 25.

Ba ma barin maganar a allo. Muna da katako mai tsawon mita 1. Idan aka ɗaga kansa santimita 50 daga ƙasa, kusurwar digiri 30 ta samu ba sai an auna ba. Gwangwani muke ratayawa, ɗalibi na zuba yashi kaɗan-kaɗan har bulo ya motsa, sannan a ɗora gwangwanin a sikeli. Katakon kada a shafa masa fenti, kuma lokacin hunturu sai an goge ƙura kafin kowane gwaji, in ba haka ba amsa ta riƙa sauyawa.

Wannan aikin yana cin zama guda cur, shi ya sa abin ke mana ciwo idan uba ya zo yana cewa, "Malam, a rage mana, can bayan layi rabin kuɗinku suke karɓa." Gaskiya ne, Alhaji, amma can tsofaffin tambayoyi ake raba wa yara da amsoshinsu a hadda. Ranar jarrabawa a sauya lamba ɗaya, yaro ya tsaya yana cizon biro. Mai duba takardar WAEC kuwa yana ba da maki a kan matakan aiki, don haka namu ɗaliban ko sun yi tuntuɓe a lissafin ƙarshe, zanensu da jerin matakansu na kawo musu maki.