Abin da na koya daga marubucin Mista Bin

Ina ɗan firamare ake kunna mana Mista Bin a talabijin ɗin maƙwabta. Mu cika tabarma, babu mai jin Turanci a cikinmu, amma dariya har da riƙe ciki. A lokacin na ɗauka haka Allah Ya halicci mutumin, kyamara kawai aka kafa masa. Sai da na girma na shiga rubuta wasannin barkwanci sannan na fara tsayawa karanta sunayen da ke hawa a ƙarshen shiri. A nan na ci karo da sunan Richard Curtis.

Ashe wasan da kusan ba a buɗe baki a cikinsa ma zama aka yi aka rubuta shi. Curtis da Rowan Atkinson, wanda ke fitowa a Mista Bin, sun haɗu ne suna ɗalibai a Jami'ar Oxford, kuma tare suka ƙirƙiro shi. An fara nuna shi ranar 1 ga Janairun 1990, kashi 15 ne kacal gaba ɗayansa. Ku tuna fitowar jarrabawar lissafi: ya zaro takardar da bai karanta ba, ya ƙare lokacinsa wajen leƙen na kusa da shi, sai ana dab da tashi ya gano takardar da ya sani tana nan cikin ambulan. Tun a farkon fitowar aka binne wannan tarko. Hannun marubuci ke nan.

Amma darasin da ya fi shiga jikina daga wani wasansa ne da ba a san shi sosai a wajenmu ba, Blackadder. Zangonsa na farko ya fito a 1983, Curtis da Atkinson suka rubuta. An kashe kuɗi ba na wasa ba: aka tafi tsohuwar fadar Alnwick a arewacin Ingila cikin hunturu, ga dawaki, ga taron jama'a cikin kayan zamanin da. Dariyar da aka samu ba ta kai kuɗin da aka zuba ba, har shugabannin BBC suka yi jinkirin amincewa da zango na biyu. Da suka yarda, sai da sharaɗin a rage kashe kuɗi. Atkinson ya ajiye alƙalami ya tsaya kan fitowa, Ben Elton ya zo suka ci gaba da rubutu da Curtis. Aka koma ɗaki, aka sallami dawakan, aka juya halayen taurarin: uban gida ya zama mai wayo da kaifin baki, baransa Baldrick ya zama wawa. Wannan zango na 1986 da biyun da suka biyo shi su ne mutanen Birtaniya ke ji da su har yau.

Na karanta wannan tarihi ne bayan na riga na yi irin kuskuren. Wata shekara muka sami mai ɗaukar nauyi, karon farko da kuɗi ya shigo hannunmu. Na rubuta wasa a kan wani mai unguwa, na dage sai an je ƙauye, sai an kawo dawaki da makaɗa. Kwana uku muna lokeshan. Da muka zauna tace hoton, dattijon da ke mana aikin, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya kalla daga farko har ƙarshe bai ko murmusa ba. Ya ce, "Ƙanena, dawakin nan sun yi kyau. To ina wurin dariyar?" Na ce, "Yaya, ai ga ta nan a fitowa ta shida." Ya ce to sauran biyar ɗin fa, na wane ne? Na ji zafin maganar, na yi kwana biyu ban leƙa ɗakinsa ba. Gaskiyarsa ce. Fitowar da ta yi aiki a duk wasan ita ce ta mai unguwa da ɗan aikensa su biyu a zaure, wadda ko sisi ba ta ci ba.

Tun daga nan nake duba aikin Curtis da tambaya ɗaya: wane ne yake ce masa a'a a wannan lokacin? Ƙarshen Blackadder na 1989 ma ya ba ni amsa. Labarin sojoji ne a ramin yaƙin duniya na farko, kuma a fitowar ƙarshe suna fita ne su tari harsashi. Hoton da aka ɗauka bai yi kyau ba, lokaci ya ƙure, babu damar sakewa. A ɗakin tace hoto aka ceto shi: aka rage gudunsa, aka bar shi ya narke a hankali ya koma fili mai jajayen furanni. Fitowar da ta fi kowace taɓa zuciya a wasan, ba a kan takardar marubuci ta kammala ba.

Haka fim ɗin da ya fito da sunansa duniya a 1994, Four Weddings and a Funeral. Sau 17 ya sake rubuta shi, abokiyar zamansa Emma Freud tana bin rubutun tana gyarawa, sannan wani daban, Mike Newell, ya ba da umarni. Kuɗin da aka kashe bai kai fam miliyan 3 ba, ya dawo da fiye da dala miliyan 240. Curtis bai hau kujerar darakta ba sai a Love Actually na 2003, bayan ya shafe fiye da shekara 20 yana rubuta wa wasu. A ganina, daga nan aikinsa ya fara saki. Idan kai ne marubuci kuma kai ne darakta, ga suna ga kasuwa, wa zai iya duban idonka ya ce cire wannan? Fim ɗinsa na 2009 a kan gidan rediyon da ke cikin jirgin ruwa ya yi tsawo, bai yi kasuwa ba, sai da aka datse shi kafin a kai shi Amurka. Ina ganin irin wannan a masana'antarmu kullum: mutum ɗaya ne mai labari, mai kuɗi, darakta kuma jarumi, duk wanda ke wurin albashinsa yake ci.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai toshe kunne ba da ya tsufa. A 2023, a wani taron adabi a garin Cheltenham, 'yarsa ta cikinsa ta titsiye shi a gaban jama'a kan yadda finafinansa ke yi wa masu ƙiba ba'a, da ƙarancin baƙaƙen fata a cikinsu, har da wanda aka yi a unguwar Notting Hill mai dogon tarihin baƙaƙe. Bai kare kansa ba, ya amsa cewa ya yi kuskure. Ni ma akwai wasanni biyu da na rubuta a baya inda dariyar duk a kan mai in'ina take. Na sa an sauke su.

Yanzu ba na kai rubutu lokeshan sai dattijon nan ya gani, kuma na roƙe shi ya riƙa karantawa da jan biro a hannu. Na makon jiya shafi 22 na kai masa. Ya dawo mini da shi ya soke tara, ciki har da wata fitowar kasuwa da na kwana biyu ina gina ta. Na sake karantawa da daddare, na yi masa gardama a kan shafi ɗaya, ya bar mini shi. Sauran takwas ɗin na cire, ranar Asabar za mu ɗauka.