Godiyata Bayan Wata 8 a Kwance

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ranar Lahadin da ta wuce na shiga majami'a da ƙafafuna, ina dogara sanda, karo na farko tun haɗarin da ya rutsa da ni gab da Kwanar Ɗangora, ina bin motar masarata zuwa kasuwar Dawanau. An ba ni dama in yi shaida a sujadar godiya, amma kuka ya ci ƙarfina. Abin da bakina ya kasa faɗa shi ne nake rubutawa yanzu.

Godiya ta farko ta Allah ce, wanda ya bar ni da numfashi. Sai mutanen bakin hanya da suka zaro ni daga ƙarƙashin buhuna. Ban san sunan ko ɗaya ba, amma ba zan manta da dattijon nan mai sayar da rake ba, da ya warware rawaninsa ya ɗaure mini cinya don jini ya tsaya, yana ta cewa, "Sannu bawan Allah, kar ka rufe ido." Na gode wa likitocin ƙashi da suka sa mini ƙarfe a ƙugu, da nas-nas masu kwanan dare. Alhaji, maƙwabcina a rumfa, ka turo 'ya'yanka biyu suka ba ni jini ba tare da kowa ya roƙe ka ba. Allah ya saka maka da alheri, ya raya zuriya.

Iyayena na Zumuntar Mata, kunun gyaɗa da faten tsaki ba su taɓa yankewa ba, haka ma waƙoƙin da kuke rera mini a hankali don kada ku tashi sauran majinyata. Matasa, na ji labarin gayyar da kuka yi kuka girbe mini dawa. Uwargidana kuwa, da ta sayar da awakinta har da keken ɗinkinta ba ta gaya mini ba, godiyarta ba ta rubutuwa.

Akwai mutum ɗaya da dole in tsaya a kansa, shi ne ƙanena.

Da yawanku kun san abin da ke tsakaninmu, kunya ce ta hana ku faɗa. Da Baba ya rasu, na riƙe gonar fadama gaba ɗaya, na ce ni ne babba. Dattawan ikkilisiya sun zaunar da mu sau biyu, na fi ƙarfinsu da baki, ga shi ni ne ma'aji, ni ne mai bayar da babban baiko ranar godiyar kaka. Shekara 9 ko gaisuwa ba ma yi, alhali teburin Jibin Ubangiji ɗaya muke zuwa. Na cuce shi, wannan ita ce gaskiya.

A dare na uku a asibiti na farka na ga mutum kwance a kan tabarma kusa da gadona, ya yi matashi da takalmansa. Shi ne. Daga ranar shi ke juya ni kada bayana ya yi gyambo, shi ke goge mini jiki da tsumma da ruwan ɗumi, shi ke ɗauke fo ya wanke ya dawo da shi. In na kau da kai sai ya ce, "Yaya, ɗaga hannu in sa maka riga." Ko sau ɗaya bai ambaci gona ba. Zafin karaya bai kai zafin wannan shirun nasa ba.

Wata rana Baba Fasto ya zo dubiya, ya buɗe Farawa sura 32 da 33 ya karanta mana. Na san labarin Yakubu tun ina makarantar Lahadi, amma ban taɓa jin sa kamar ranar ba. Ga mutumin da ya karɓe matsayin ɗan fari daga hannun wansa Isuwa da kwanon abinci, ya ɗaura fatar akuya ya yaudari tsohon mahaifinsa da idonsa ya dushe. Ya yi shekara 20 a gidan kawunsa Laban, aka sauya masa lada sau 10, shi ma ya ɗanɗana abin da ya shayar da wasu. Da ya juyo gida ya ji wansa na tafe da mutum 400, sai ya haye da iyalinsa rafin Yabbok ya rage shi kaɗai, aka yi ta kokawa da shi har gari ya kusa wayewa, aka taɓa masa ƙugu ya goce. Kafin a sa masa albarka sai da aka tambaye shi sunansa, ya faɗa da bakinsa. Shi da ya taɓa ce wa mahaifinsa shi ne Isuwa, ranar bai da wurin ɓuya. Baba Fasto ya dakata ya ce, "Ɗana, tun yana mai wayon nan Allah yake tare da shi, bai jira ya gyaru ba. Amma kuma bai bar shi yadda ya same shi ba." Da ya kai inda Isuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi, na dubi ƙanena yana wanke cokali a bakin taga, na kira sunansa, na roƙe shi gafara a gaban kowa.

Ina roƙo kada wani ya ce Allah ne ya kifar da motar don ya koya mini hankali. Yaron motar nan ya rasu a wurin, ɗan wata uwa ne, kuma ba zan yarda a mai da ransa kuɗin makarantata ba. Abin da na sani shi ne, a cikin wannan masifar Allah ya same ni inda ba zan iya gudu ba, ya yi aiki a zuciyar da wa'azin shekaru bai huda ba. Ku sa mahaifiyar yaron a addu'a, mun je mata ta'aziyya, har yanzu tana cikin ciwo.

An auna gonar an raba a gaban mai unguwa da dattawa, na kuma sauka daga ma'aji. Likita ya ce ɗingishin nan ya zauna ke nan. Har yanzu zuciya takan taso mini, ku ci gaba da yi mini addu'a.

Saura magana ɗaya. Manoman da na saye wa hatsi a shekarun baya da mudun da na san ya fi ƙa'ida, da waɗanda na riƙe wa ciko, wasunku na tuna, wasu sun ɓace mini. Ba na iya yawo tukuna, amma kullum bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida, ƙanena yana riƙe da littafin lissafi. Ku zo, ko ku aiko.