Cikin da ya zauna a wajen mahaifa

Matar yayana tana da ciki wata biyar lokacin da ta fara cewa motsin yaron yana yi mata zafi kamar ana jan hanjinta. A gidanmu da ke Unguwar Rogo a Jos kowa ya ba ta haƙuri, Inna ma ta ce: "Haka wani cikin yake, 'yata, ki daure." Ba ta fara awo ba a lokacin, domin a wajenmu mace takan ɓoye ƙaramin ciki saboda kunya da tsoron baki har sai ya fito. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, na riƙe hannunta na ga tafin ya yi fari fat, ga gumi yana keto mata duk da sanyin hunturu.

Hoton ciki ya nuna mahaifarta babu komai. Yaron yana kwance a tsakanin kayan ciki, mabiyiya kuma ta manne wa hanji.

Daga baya na fahimci cewa a cikin kowane ciki 100, ɗaya zuwa biyu kan zauna a wajen mahaifa, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na irinsu suna maƙalewa ne a bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, inda sukan fashe tun cikin watannin farko. Sauran su ne masu wuyar samu: wani a gidan ƙwai, wani a bakin mahaifa, wani a tabon tiyatar haihuwar baya, wani kuma a sararin ciki kamar nata, wanda bai wuce kusan ɗaya cikin ɗari na dukansu ba. Abin ba sabo ba ne, domin likitan Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya bayyana shi shekara dubu da suka wuce, kuma a 1883 wani likitan tiyata mai suna Lawson Tait ya yi nasarar ceto mace da tiyata a Ingila bayan bututunta ya fashe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin fitsari yana tabbatar da ciki ne kawai, ba ya faɗin inda ya zauna. Idan an gano da wuri, wani lokaci allurar methotrexate, maganin da ke tsayar da girman cikin, kaɗai ta isa. Idan an makara, hanji da fatar da ta lulluɓe kayan ciki ba su iya tsukewa su tsayar da jini yadda mahaifa ke yi bayan haihuwa, shi ya sa likitocinta suka cire yaron suka bar mabiyiyar a inda take, gudun kada jini ya ɓalle. Har ila yau, yakan faru ɗan tayi ya mutu a sararin ciki, jiki ya lulluɓe shi da sinadarin ƙashi ya taurare shekara da shekaru, kuma ina zaton wasu daga cikin abin da iyayenmu ke kira kwantaccen ciki irin wannan ne.

Leda huɗu na jini aka ƙara mata, biyu daga yayana da ni. Yaron bai rayu ba, Allah ya sa mai ceto ne. Ta yi watanni tana komawa asibiti ana duba yadda mabiyiyar ke shanyewa, kuma likita ya ce mata duk ranar da ta sake ɓatan wata, ta zo a yi hoto kafin ta gaya wa kowa.