Makin ɗalibai a hannun TA: abin da ya kamata a faɗa muku tun ranar farko

Ƙannena da aka tura jami'a hidimar ƙasa a matsayin TA, wato mataimakin malami, na san abin da ya fi tsaya muku a rai shi ne ranar da za ku fara tsayawa gaban aji. Wannan fargabar mako biyu take yi ta wuce. Abin da ke kayar da TA shi ne maki, wanda ake danƙa masa da baki, ba rubutu ba horo, sannan ranar da lissafi ya ƙi daidaita a ce shi ya ɓata. Ina barin wannan aiki ne yanzu, kuma ba wata jami'a guda nake nufi ba, domin daga Kumasi har Legon, inda Jami'ar Gana take a Accra, koken 'yan'uwanmu iri ɗaya ne.

Ku fara sanin matsayinku. A Gana yawancin TA ba ma'aikatan jami'a ba ne, 'yan hidimar ƙasa ne, tsarin da aka kafa tun 1973. Sun gama digirin farko watanni kaɗan da suka wuce, sashe ya riƙe su saboda sakamakonsu ya yi kyau. Alawus ɗin da aka ɗaga a 2023 daga sidi 559.04 zuwa 715.57 ba ya isar kuɗin torotoro (motar haya) daga unguwannin Aboabo ko Asawase a Kumasi da abincin rana, kuma ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. A Amurka mai wannan aiki galibi ɗalibin digiri na biyu ko na uku ne, ana biyansa, ana yafe masa kuɗin makaranta, jami'o'i da yawa kuma suna yi masa bita kafin ya shiga aji. Mu nan sakamako mai kyau shi ne horon. Ga shi tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017, rukunin farko suka shigo jami'a a farkon 2021, azuzuwa sun cika sun batse, kuma rarar aikin a kan TA take sauka.

Akwai irin malamin da ya kamata ku gane tun da wuri. Zai tsare ka a bakin ofis ko a wurin ajiye mota, ya nuna maka buhun takardun amsa na gwajin tsakiyar semesta, ya ce: “Ka duba mini su, Litinin nake so.” Bai ba ka jadawalin rabon maki ba, bai ƙirga takardun a gabanka ba, bai faɗi abin da za a yi da amsar da ta biyo wata hanya daban ta kai ga gaskiya ba. In ka tambaya, sai ya ce ai kai ma ka yi kwas ɗin. Wata uku bayan haka ɗalibi ya kai ƙara wurin jami'in jarrabawa na sashe, a kira taro, mutumin nan ya ce bai san yadda aka yi ba, yaronsa ne ya duba. Ba ka da abin nunawa. Shi ne kuma mai sa hannu a fom ɗinka na wata-wata wanda sai da shi ake biyan alawus, shi ne kake sa ran zai rubuta maka takardar shaida idan za ka nemi MPhil, wato digiri na biyu. Ya san haka sarai. Wannan zalunci ne, ko da an saba da shi, kuma sashen da ya bari ana yi yana da nasa kason laifin.

Ba za ka iya canza halinsa ba, amma za ka iya hana shi samun ƙofa. Kada takarda ta bar hannunsa ta shigo naka sai an ƙirga, an gwada adadin da takardar da ɗalibai suka sa hannu a ɗakin gwaji. Idan sa hannu 412 ne takardu kuma 409, a nemo ukun nan a ranar, ba bayan an gama dubawa ba. Daga nan ka tura masa saƙon WhatsApp ko imel cikin ladabi: “Malam, na karɓi takardu 409 na kwas kaza, sa hannu 412 ne, ga lambobin ukun da babu.” Ko bai amsa ba, saƙon yana nan da kwanan wata. Duk umarnin da ya ba ka da baki, ka maimaita masa shi a rubuce haka nan. Wasu suna ganin wannan rashin yarda ne da na gaba. Malamin kirki, kuma suna da yawa, murna yake yi da shi.

Jadawalin rabon maki dole ne. In bai rubuta ba, kai ka rubuta ka kai masa ya gyara ya sa hannu: tambaya ta ɗaya maki goma, uku na hanya, biyar na aiki, biyu na amsar ƙarshe, da abin da za a cire wa wanda ya manta ma'auni. Ka ɗauki takardu goma, masu kyau da matsakaita da raunana, ku duba tare, ko ka duba ya bi bayanka. Idan ku TA uku ne, kada ku raba takardun gida uku. Ku raba tambayoyin. Mutum ɗaya ya duba tambaya ta ɗaya a dukan takardu, wani ta biyu. In ba haka ba, makin ɗalibi zai dogara ne da hannun da takardarsa ta faɗa, mai sauƙi ko mai tsauri. Ka kuma yi lissafin lokaci da gaskiya: takardu 400, kowace minti shida, awa 40 ke nan ba tashi. Wanda ya ce zai gama wannan daga Juma'a zuwa Litinin, takardu ɗari na ƙarshe da gajiya zai duba su, ɗaliban da suka faɗo a can su za su biya. Gara ka faɗi haka tun ranar karɓa.

Shigar da maki a kwamfuta shi ne inda ɓarna mafi muni take faruwa, don a shiru take faruwa. Da lambar jarrabawa ake aiki, ba da suna ba. A aji ɗaya za ka sami Mohammed Abdul Rahman biyu, ko Owusu huɗu, wani kuma ya rubuta lambar shaidarsa ta ɗalibi a gurbin lambar jarrabawa. A Excel, in ka jera layin maki shi kaɗai ka bar layin lambobi, kowa ya ɗauki makin wani, kuma a ido ba abin da zai nuna. Ka riƙa zaɓar teburin gaba ɗaya kafin ka jera. Wanda bai rubuta gwaji ba a bar gurbinsa fanko a yi masa alama, kada a sa sifiri, domin mai takardar asibiti hukuncinsa daban ne. Bayan ka gama, wani ya karanta maki daga takardun da ƙarfi kai kana bi a allo, duka, ba samfuri ba. Ka ajiye kwafi mai kwanan wata a wuri biyu, saboda wuta takan ɗauke, kwamfutar ofis kuma hannu da yawa ke taɓa ta. Kafin a miƙa makin, a nuna wa ɗalibai nasu da lambobinsu kawai, a ba su kwana biyu ko uku su kawo gyara.

Ga dalilin da ya sa nake nanata wannan. A KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, maki 40 ne cin kwas, matsakaicin maki 70 kuma shi ne digiri mai daraja ta ɗaya, a Legon kuwa 50 ne ci. A kwasa-kwasai da yawa ayyukan cikin semesta suna ɗauke da kashi 30. Ɗauki ɗalibar da ta sami 20 cikin 30 ɗin nan amma ba a shigar mata ba, a kwas mai kiredit (ma'aunin nauyin kwas) uku cikin semesta mai kiredit 18. Matsakaicinta na semestar ya faɗi da maki uku da ɗoriya, kuma in jimillarta 58 ce ta koma 38, ta faɗi kwas ɗin da ta ci. Wataƙila uwarta wake da shinkafa take sayarwa a Ayigya don biyan kuɗin makarantar nan. Gyaran irin wannan kuskure bayan kwamitin jarrabawa ya amince da sakamako yana cin watanni da takardu.

Mu 'yan zango muna da wani nauyi na daban. Ɗalibin da kuke salla masallaci ɗaya zai zo ya ce: “Yaya, ka taimaka, maki biyu kawai.” Wani mahaifinsa ne zai tare ka bayan sallar Juma'a. Amsar ɗaya ce: maki ba naka ba ne, amma za ka zauna da yaron awa ɗaya ku bi abin da bai gane ba. Kuɗin MoMo, wato na waya, da aka turo da sunan “na ruwa” a mayar da shi nan take, a ajiye shaidar mayarwar. Ɗaliba ba a ganinta a ofis ƙofa a rufe, don kare ta da kare kanka.

Sauran darussan gajeru ne. A darasin bita kada ka maimaita lacca, ka zo da tambayoyi huɗu ko biyar su yi a allo kana gyara. Abin da ba ka sani ba ka ce za ka bincika, ka kuma dawo da amsar. A ɗakin gwaje-gwaje ka yi aikin da kanka kwana ɗaya kafin su, ka girmama ma'aikatan ɗakin, sun fi ka sanin wane inji ne ke ba da karatun ƙarya. Lambar wayarka wakilin aji kaɗai za ka ba.

Ga shugabannin sassa kuwa, abin da muke roƙo bai kai kuɗin shayin taro ɗaya ba: bita ta kwana biyu kafin a buɗe semesta, a koya wa sababbin TA duba takardu da jadawali, shigar da maki, da inda za su kai ƙara. A ba kowa takarda shafi ɗaya mai fayyace aikinsa da awanninsa na mako, a rubuta a ciki cewa alhakin kowane maki yana wuyan malamin kwas. Fom ɗin wata-wata kuma shugaban sashe ya riƙa sa masa hannu, ba mutumin da TA zai iya buƙatar kai ƙararsa ba.