Tarihin Rayuwata, Kashi Na Tara: Jakar Kano Da Jikar Maraɗi

A makon jiya na tsaya a inda kawuna ya ɗauke ni daga dakon kaya ya zaunar da ni a bakin shagonsa na atamfa a Kantin Kwari, a farkon shekarar 1995. Wata uku na yi ba a ba ni izinin yanke farashi ba. Aikina shi ne in sauko da turmi, in warware wa mai saye, in naɗe in mayar, sannan in saurara. A lokacin ina ganin wannan tsari kamar raini ne, domin na gama sakandare kuma na fi kowa a shagon saurin lissafi, amma Kawu ya ce lissafi ba shi ne ciniki ba.

Abin da na fara koya shi ne cewa maganar kasuwa tana da jeri. Ba a tambayar baƙo abin da yake so sai an gaisa, an tambayi hanya da iyali, an nuna masa benci. Idan ya taya kaya a ƙasa da kuɗinsu, ba a ce masa a'a, ba a kuma yi masa dariya. Sai a ce "albarka", kalmar da ke ƙin tayin ba tare da ta kori mai shi ba. Idan farashi ya kai, sai a ce "na sallama", kuma daga nan magana ta ƙare. Ba a miƙa kaya ko karɓar kuɗi da hagu. Akwai kuma abin da ba a faɗa da baki: matar da ta zo haɗa lefe za ta kushe turmi biyar, amma wanda hannunta ke komawa kansa tana shafawa shi ne wanda za ta saya, kuma Kawu ba ya taɓa yabon wannan turmin, sai ya yi shiru ya bar shi a saman sauran.

Ranar da zan ba da labarinta, Kawu ya tafi jana'iza a Fagge da hantsi, ya ce idan ciniki ya zo kada in sallama atamfar da muka sauke ranar nan a ƙasa da jaka huɗu. Wajibi ne in yi wa matasa bayani a nan. Jaka a bakin dattawan Kano naira 200 ce, domin asalinta fam 100 ne, kuma da aka canza kuɗi a 1973 kowane fam ɗaya ya koma naira biyu. Jaka huɗu ke nan naira 800.

Bai jima da fita ba sai ga wani dattijo dogo da farin rawani, yaro na biye da shi. Daga gaisuwarsa, da ya ce "kun tashi lahiya", na gane mutumin Nijar ne. Ya ce daga Maraɗi yake, ta Jibiya ya shigo. Ya duba atamfar, ya murza bakinta da yatsu, ya ɗaga ta ga haske, sannan ya taya jika uku. Na ce albarka. Ya ƙara rabi, na sake cewa albarka. Da ya ce jika huɗu kuma zai ɗauki turmi 40, sai zuciyata ta buga, domin ban taɓa yin ciniki mai girman haka ba, na yi wuf na ce na sallama.

Na tuna sarai cewa ya ɗago kai ya dube ni, ya ɗan yi jim, ya kalli yaronsa, sannan ya ce, "Ka sallama, samari?" Na ce na sallama. Wannan jim ɗin da ya yi magana ce cikakkiya, amma ni kunnena yana kan riba, ban ji ta ba.

Sai da aka ɗaure kaya ya zaro damin kuɗi daga aljihun ciki, na ga sefa ce. A Nijar, ashe, jika sefa 1,000 ce, wato dala 200, domin su dala ɗaya sefa biyar ce. A wannan shekarar, bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, jikar sefa ba ta kai naira 200 ba a hannun 'yan canji na Wapa. Da na buga lissafin da nake taƙama da shi, sai na ga giɓin ya haura naira dubu huɗu. Gumi ya karyo mini, na fara ɗaga murya ina cewa ni jakar naira nake nufi, shi kuma ya ce shi da jikar da ya sani ya taya, kuma har ya tambaye ni ko na sallama. Maƙwabta suka fara leƙowa.

Ana cikin haka Kawu ya dawo. Bai tambayi abin da ya faru ba, bai ko kalli inda nake ba. Ya miƙa wa dattijon hannu biyu, ya zauna kusa da shi a benci ɗaya maimakon ya koma kujerarsa, ya aiki ɗan dako ya kawo ruwan sanyi, ya tambayi damina a Maraɗi da wahalar hanya. Sai da fuskar baƙon ta saki, sannan ya ce, "Alhaji, me ya haɗa ka da ɗanka?" Kalmar "ɗanka" ita ce ta kashe rabin wutar, domin ta mayar da rigimar ciniki ta zama kuskuren yaro a gaban babansa. Dattijon ya faɗi nasa, Kawu bai katse shi ba ko sau ɗaya, yana jan carbi yana gyaɗa kai. Da ya gama sai Kawu ya ce, "Bakin yaron nan bakina ne. Tunda ya sallama, kaya naka ne."

Shiru ya biyo baya, irin shirun da na yi ta so in cike da magana, amma Kawu ya ɗan ɗaga yatsa ɗaya daga kan carbinsa, na gane in kama bakina. Can sai dattijon ya ce shi ma ya yi shakka tun farko, kuma ba zai ci kuskuren yaro ba. Ya nemi a raba giɓin biyu, Kawu ya ce Allah ya sa albarka, suka sake yin musabaha.

Faɗan da nake jira bai zo a gaban mutane ba. Sai bayan la'asar, muna rufe shago, ya ce, "Kai da shi duk Hausa kuka yi, amma ba ku ji juna ba." Ya kafa mini ƙa'ida: kafin in ce na sallama, in maimaita adadin kaya, da farashin ɗaya, da irin kuɗin, da jimilla, in rubuta a takarda in nuna wa mai saye, kuma in dubi fuskarsa lokacin da nake faɗa. Rabin giɓin da ya rage kuwa, a littafin bashi ya rubuta shi da sunana, na yi wata biyar ina biya daga kuɗin abincina.

Dattijon nan ya dawo kafin azumi, kuma ni ya nema, ba Kawu ba. A mako mai zuwa zan faɗi yadda ya gayyace ni Maraɗi, da abin da ya same ni a kan iyaka a tafiyata ta farko.