Hoton mai lamba 21

15 ga Satumba, Pittsburgh, Amurka

Na so in rama barcin da aikin dare ya hana ni, amma goma ba ta yi ba na ji ana buga ƙofa. Tsohon da ke ƙasan benenmu ne, wanda nake ce wa Baba tun da na tare a gidan nan, har ya saba yana amsawa. Wai in sauko in taya shi rataye hoto, kafaɗarsa ba ta ɗaguwa.

Na tarar da hoton jingine da kujera, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Jikarsa ce ta zana da fenti, ta kawo masa jiya, saboda yau ce ranar tunawa da Roberto Clemente, shahararren ɗan wasan besbol. Sunan dai ba baƙo ba ne a kunnena. Gadar nan mai ruwan ɗorawa da ke kan kogin Allegheny sunansa aka sa mata, kuma lambarsa 21 tana bayan rigar yaro da babba a garin nan. Wasan besbol ɗin ne har gobe ban gane kansa ba: mutum ya buga ƙwallo da sanda, ya yar, ya sheƙa, sauran jama'a na tsaye kamar masu jiran mota.

Da ya yaye bargon sai na yi shiru. Yarinyar ba ta zana shi yana dariya ba, ba ta kuma sa masa sanda a hannu ba. Daga ƙirji zuwa sama ne kawai, baƙar hula mai harafin P, ido ƙur a kan mai kallo, wuya a karkace kamar wanda ya yi mugun kwanciya. Na ce, "Baba, anya wuyan nan bai kuɓuce mata ba?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai nan ne ta fi dacewa. Haka Clemente ke murza wuya duk lokacin da zai tsaya bugu, don ciwon baya da ya samu a haɗarin mota tun yana saurayi, 'yan jarida kuwa suka yi ta cewa raki ne.

Ina tsaye da guduma, shi yana zaune yana zubo labari. An haifi Clemente a Carolina ta Puerto Rico a 1934, ya zo ƙungiyar Pirates ta garin nan a 1955, bai taɓa sauya sheƙa ba har shekara 18. Da shi suka ci kofin ƙasa a 1960 da 1971. Baƙar fata ne, ga Turancinsa da karin Sifaniyanci, sai wasu jaridu suka riƙa rubuta maganarsa yadda ya furta don a yi dariya, suna kiransa Bob alhali ya ce sunansa Roberto. Nan abin ya taɓa ni, don ni ma a wurin aiki an gutsure sunana ya koma gaɓa ɗaya, ban taɓa buɗe baki na ce a'a ba.

Ranar 30 ga Satumba, 1972, ya yi bugunsa na 3,000 cif. A watan Disamba girgizar ƙasa ta rusa Managua, babban birnin Nikaragwa, ya shiga tara kayan agaji. Da ya ji cewa mutanen Somoza, mai mulkin ƙasar, na karkatar da abin da aka aika, sai ya ce da kansa zai raka na gaba. Daren 31 ga Disamba jirgin ya tashi daga San Juan da lodin da ya fi ƙarfinsa, bai yi nisa ba ya faɗa teku. Yana da shekara 38.

Ba a ga gawarsa ba. Baba ya faɗi wannan sau biyu. Ya ce abokin wasansa Manny Sanguillén bai ma halarci taron addu'a ba, yana can bakin teku yana ta nutso ko zai same shi. Na tuna yadda a gida ake gaggawar kai mamaci makwancinsa kafin rana ta faɗi, da yadda hankalin dangi ba ya kwanciya sai an dawo daga maƙabarta. Matarsa da 'ya'yansa uku ba su sami ko wannan ba.

Ƙusa ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta shiga. Sai rigima ta tashi kan daidaito: in na saita katakon, Baba ya ce fuskar ta kwanta, in na bi fuskar, katakon ya karkace. Mun fi minti goma a haka, shi yana "ɗan ɗaga hagu", ni hannu ya gaji. Daga ƙarshe ya ce in bar shi yadda yake, ya haɗa mini kofi mai ɗacin tsiya, na shanye don kunya. Ga shi ƙarfe uku ta wuce, barcin ya ƙi zuwa, kuma takwas zan koma aiki.