Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Idan mai injin numfashi ya girma

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a shekarun da na yi ina aikin jinya a ɓangaren yara a nan Legas. Yau zan ajiye labarina gefe, saboda iyaye daga Agege da Idi-Araba suna yawan tambaya kan yaron da ke rayuwa da injin numfashi idan lokacin komawarsa ɓangaren manya ya yi.

Shiri ba ya farawa ranar da za a tura gado. Tun yaro yana da shekara 14 ya kamata a soma, domin idan ya cika 18 shi zai riƙa sa hannu a takardar amincewa da magani, ba mahaifinsa ba. Sannan a ɓangaren yara galibi likita ɗaya ne ke riƙe da komai. A na manya kuwa likitan huhu daban, na jijiyoyi daban, na maƙogwaro daban, kowa da ranar ganinsa.

Inda aka fi samun matsala shi ne bututun maƙogwaro, wato wanda ake sakawa ta ramin da aka huda a wuya, ake jona injin a kansa. Na yara galibi ba shi da bututun ciki da ake zarewa a wanke, na manya galibi yana da shi. Nas ɗin da ta saba da na manya, idan bututu ya toshe da dare, za ta nemi abin da za ta zare, alhali a nan sai dai a canja bututun gaba ɗaya. Saboda haka a rubuta sunan kamfanin bututun, lambarsa da tsawonsa, a manna a kan gado. A ajiye biyu a gefe: ɗaya daidai da wanda ke wuya, ɗaya ƙasa da shi da lamba ɗaya. Idan bututun mai balan-balan ne, wato 'yar jakar da ake hura wa iska ta toshe gefen bututun a cikin maƙogwaro, matsin iskarsa ya tsaya tsakanin 20 zuwa 30 a ma'aunin matsin balan-balan ɗin. Fiye da haka yana cin naman hanyar iska. Zuƙe majina kuma kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a shiga ɗaya.

Saitin injin ma a kwafe shi a takarda, na rana da na dare, har da lambobin da ƙararrawa ke kaɗawa a kansu.

Ranar tafiya, a yi lissafi da gosulon Legas, musamman idan za a hau gadar Third Mainland. Tukunyar oksijin mai lita 680, idan ana sakin lita 5 a minti, awa biyu da 'yan mintuna take yi. A ɗauki ninkin abin da ake zato, batir ya cika, jakar Ambu, wato wadda ake matsawa da hannu a ba shi numfashi idan injin ya tsaya, tana hannu ba cikin kaya ba. A tambaya tun da wuri ko soket ɗin da ke jikin sabon gadon yana kan layin janareta.

Abin da ya fi damuna shi ne uwa. Ita ta san sautin majinar ɗanta, ta san abin da ƙiftawar idonsa ke nufi, amma ɗakin maza manya ba lallai a bar ta ta kwana ba, ga shi yaron ba zai iya ɗaga murya ya kira nas ba. Hajiya, ki nemi wannan izini a rubuce daga shugabar nas-nas kafin ranar. Idan bai samu ba, a koya wa yayansa ko kawunsa canja bututu da matsa jakar Ambu, a ba shi makonni yana yi a gabanki har hannunsa ya faɗa.